Kwaɗon Ɗakin Iri

A gindin gawo Filibus ya durƙusa gaban akwatin, ya karkata kai kamar mai sauraron gulma ta jikin bango, ya zura fil cikin ramin kwaɗon. Mai akwatin, Lalla, tana tsaye a kansa riƙe da igiyar jakinta. Tana cikin makiyayan da fari ya koro daga arewa suka yada zango bayan ƙauyen. Mijinta ya rasu a hanya, makullin kuma ya bi rairayi.

"An ce mini ba ka daɗewa," in ji ta.

"Bai san ni ba tukuna. Bari mu gaisa."

Manomi ne Filibus, irin manoman da ba a yaba su ba a kuma zage su. Abin da aka san shi da shi daga Maijirgi har kasuwar Tessaoua shi ne buɗe kwaɗo ba da makulli ba. Tun yana saurayi yana gyara wa Baturen mishan keke ya ɗauki wannan ɗabi'a. Kayan aikinsa biyu ne: fil irin wanda mata ke maƙala wa riga, ya miƙar da shi ya lanƙwasa bakinsa, da wayar ƙafar keke da ya daddake ta yi faɗi. Wayar ce ke murɗa cikin kwaɗon, fil ɗin kuwa ya bi ƙananan haƙoran ciki yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Ba ya karɓar lada. Duk kwaɗon da aka yar yakan tsince shi ya zura a igiya, idan ya sami sarari ya zauna gindin gawo yana buɗewa yana rufewa. Mutanen gari suna ce masa ɓarawon da bai taɓa sata ba, shi kuma sunan na yi masa daɗi fiye da yadda ya kamata.

Kwaɗon ya ce ƙas. Lalla ta ɗaga murfin. Rawani ne a ciki, da kofunan shayi, da wata tsohuwar wuƙa. Ta daɗe tana juya su, da alama ta sa ran wani abu dabam, sannan ta ce Allah shi biya ta rufe. A daidai nan ne motar sojoji ta shigo garin, ta wuce ta gabansu a hankali. Mutumin da ke zaune kusa da direba ya leƙo ya dubi akwatin, ya dubi igiyar kwaɗunan da ke shimfiɗe a ƙasa.

Shekarar nan ce sojoji suka karɓi mulki, bayan damina ta yi ta cin amanar mutane a jere. Sun ce 'yan kasuwa da manyan gari sun ɓoye hatsi talaka na mutuwa, kuma ba ƙarya suka yi ba. Don haka motoci suka bazu ƙauyuka, duk inda aka ga hatsi a kulle a kwashe a kai birni a raba. Sai dai mota ba ta san bambancin mai ɓoyo da mai jiran ruwan sama ba.

Kiristocin ƙauyen 'yan gidaje kaɗan ne, kuma suna da ɗan ɗaki mai ƙyauren ƙarfe manne da bayan majami'arsu. Tun da kaka, da suka ga abin da gonaki suka bayar, kowane gida ya kawo irin shukarsa aka zuba a ɗakin nan, don sun san kansu: in irin na gida, yunwa za ta sa a daka shi. Aka kulle, Fasto Yohanna ya tafi da makullin zuwa Tessaoua wajen 'yarsa, ya ce ba zai dawo ba sai ruwan farko ya sauka. Ya ce ba shi da zuciyar da zai ji kukan yara da makulli a aljihu. Tun daga nan ake cin dusa da anza, 'ya'yan itacen dajin nan masu ɗaci, ana wucewa ta gaban ƙyauren ana kau da kai.

Kafin Filibus ya tattara kayansa, an tara 'yan majami'a gaban ɗakin. Mutumin nan na gaban mota shi ne Sarjan Halilu, ɗan siriri mai fara'a, wanda ke kiran kowa ɗan'uwana. Ya tsuguna ya zura yatsa ƙarƙashin ƙyauren, ya jawo ƙwayar gero biyu, ya ɗora a tafin hannu yana nuna wa mutane kamar ya haifo su.

"Wanga fa? Addu'a ce ta zuba?"

Dattijo Sulaimanu, wanda ke riƙe da majami'ar in Fasto ba ya nan, ya cire hula. "Ranka shi daɗe, iri ne. Ba na ci ba ne. Na kowane gida ne, tiya biyu, tiya ukku. In ya tahi ba mu da abin sa wa ƙasa."

"Iri ma ai hatsi ne, baba. Makulli."

"Shina Tessaoua wurin Fasto."

Wani soja ya ɗauko ƙarfen cire taya daga mota, Sarjan ya daka masa tsawa. Kyaftin ɗinsu ya hana a karya ƙofar masallaci ko ta majami'a, kuma wanda ya yi haka makon jiya yana can a ɗaure. Sarjan ya ja kwaɗon, ya auna nauyinsa a hannu, ya yi tsaki. Har ya juya zai tafi, har Sulaimanu ya fara mayar da hularsa, sai ya tsaya.

"Ina mutumin nan na gindin gawo? Mai wasa da kwaɗuna?"

Ba wanda ya nuna shi. Ido kawai aka juya, kuma ido ya isa.

Wannan kwaɗon dai Filibus ya san shi fiye da yadda ya san gonarsa. Na tagulla ne, mai kauri, Baturen mishan ya bari da zai koma ƙasarsu. Shi kaɗai ne ya gagare shi. Shekara da shekaru Fasto na barinsa ya gwada bayan sujada, yara na yi masa dariya. Kwaɗon maƙaryaci ne: Filibus na cikin ɗaga haƙoran sai cikin ya ɗan juya kamar zai buɗe, zuciyarsa ta yi tsalle, ya ƙara ƙarfi a wayar, daga nan komai ya daskare. Baturen ya taɓa gaya masa yana dariya cewa akwai haƙora masu siririn ƙugu a ciki, don irinsa aka yi su. Bai gaya masa maganinsu ba.

Akwai kuma abin da garin bai sani ba, sai shi da matarsa Rut. Wata guda da ya wuce 'yarsu Elizabet, wadda ba a daɗe da yaye ta ba, ta kamu da gudawa saboda anza. Ba abin da cikinta ke riƙewa. Rut ta je ta durƙusa wa Sulaimanu ta roƙi a ba ta tiya ɗaya daga nasu irin ta dama wa yarinyar kunu. Tsohon ya yi kuka ya ce ba makulli, kuma in aka fasa ƙofa don ɗiyarta, gobe za a fasa don ɗan wani, jibi ɗakin ya zama wayam. Shi kansa ya binne jika. Sai Rut ta dawo gida ta ɗauki fil da waya ta danƙa wa mijinta. Da tsakar rana, lokacin da zafi ya kori kowa cikin ɗaki, ta tsaya tana yi masa gadi yana fama da kwaɗon. Ya yi har wayar ta yanke masa yatsa. Washegari ya koma, da wanda ya biyo baya. Kwaɗon ya yi masa ƙaryarsa ta kullum. Ranar Asabar aka binne Elizabet a bayan gari.

Yanzu Rut na tsaye cikin mata, ba goyo a bayanta, tana kallonsa yana tahowa.

"Ɗan'uwana," in ji Sarjan, ya dafa masa kafaɗa. "Karyawa aka hana ni. Ba a hana ni buɗewa ba. Bismilla."

"Ranka shi daɗe, wanga ba ya buɗuwa. Kowa nan ya sani. Na yi shekaru ina gwadawa."

"Gaskiya ne," in ji Sulaimanu da sauri. "Har yara na yi mashi waƙa."

"Bon. To a gwada mini in gani. Zan sha shayi. In na shanye na ukku ba ka buɗe ba, mu hau mota mu tahi, kuma ba mu sake zuwa. Ni magana ɗaya gare ni." Ya murmusa. "Amma in na ga kana yi mini wasa da hankali, hannun nan ba ya sake riƙe hauya. Ka gane?"

Aka hura gawayi a inuwar mota. Sarjan ya ce 'yan majami'a su durƙusa a rana, tunda masu addu'a ne su yi wa ɗan'uwansu addu'a. Suka durƙusa, tsofaffi da masu ciki, rairayi na ƙona musu gwiwa. Addu'a kuwa sun yi, kowa ya san wadda suke yi.

Filibus ya durƙusa gaban ƙyauren, hankalinsa ya ɗan kwanta. Aikin da aka ba shi yau shi ne ya kasa, kuma a kan wannan kwaɗon ba wanda ya fi shi iya kasawa. Ya sa waya, ya sa fil, ya shiga motsa hannu yadda za a ga yana aiki. Cikin kwaɗon ya yi 'yar juyawar nan tasa ya tsaya. Ya bar shi a haka, yana ƙwanƙwasa haƙoran.

Shayi na farko ya sauka. Sarjan ya zo da kofinsa ya tsuguna kusa da shi, ƙamshin sukari ya bugi Filibus har miyau ya cika masa baki.

"Ashe duk cika baki ne. Akwatin gwauruwa kaɗai ka iya. Kai, in ni ne matarka da na daɗe da neman mai hannu." Ya waiga wajen mata. "Wacce ce tashi?"

Sojojin suka yi dariya. Wani ya zo ya ɗora ƙafa bisa ƙaurin Filibus ya ɗan danna, don ya tuna masa maganar hannu.

Da aka ɗora na biyu, hannun Filibus ya gaji. Tun safe ba abin da ya ci sai ruwan dusa. Tunda ba buɗewa yake so ba, bai ga amfanin matsa wayar ba, sai ya sassauta, ya bar ta kwance bisa yatsa kamar ya manta da ita. Ya ci gaba da tura fil ɗin don idon mutane. Ya kai kan wani haƙori da ya sani sarai, mai taurin kan nan da ba ya motsi, ya ɗan ɗaga shi.

Wayar ta motsa a yatsansa. Baya ta yi, ba gaba ba. Cikin kwaɗon na komawa inda ya fito, a hankali, shi da kansa, haƙorin kuma na hawa. Sai wani ɗan ƙas da kunne ba ya ji, yatsa kaɗai ke ji.

Filibus ya tsayar da hannu. Ashe abin ke nan. Duk shekarun nan idan kwaɗon ya ɗan juya sai ya matsa, matsawar kuwa ita ke maƙale haƙorin a ƙugunsa. Sake masa ake yi. A bar shi ya ja da baya, shi zai ba da hanya. Abu mai sauƙi haka, wanda ko yaro zai gane in an nuna masa sau ɗaya.

Ya san abin da ya kamata ya yi. Ya zare wayar kamar ta suɓuce, haƙoran duk su zube, ya sake farawa, ya yi ta laluben banza har gawayi ya mutu. An riga an zuba ruwan shayi na uku. Wata tsohuwa ta kife a rairayi an tallafe ta. Saura kaɗan.

Amma wataƙila dace ne. Wataƙila gajiya ce ta sa ya ji abin da babu. In ya zare yanzu, ba zai taɓa sani ba, don Fasto ba zai ƙara barinsa ya taɓa kwaɗon ba bayan yau. Ya ce wa kansa zai gwada haƙori ɗaya kawai, don ya tabbatar, sannan ya saki. Ya lalubo na kusa, ya sassauta, ya ɗaga. Wayar ta sake ja da baya, ƙas. Wani sanyi ya bi masa hannu har kafaɗa. Gaskiyar magana, a wannan lokacin ya manta da rana, da soja, da mutanen da ke durƙushe a bayansa. Shi da kwaɗon ne kawai, kuma karo na farko kwaɗon na amsa masa. A lissafinsa saura haƙora biyu. Zai taɓa ɗaya, ya bar na ƙarshe a zaune, ba wanda zai sani.

Lissafinsa bai yi daidai ba. Yana ɗaga na farkon, cikin ya juya gaba ɗaya, hannun kwaɗon ya yi tsalle ya fita. Ƙarar ba ta fi ta fashewar gyaɗa ba, amma duk filin an ji ta.

Sarjan ya ajiye butar shayin da yake shirin tsiyayawa. Ya tafa hannu sau biyu.

"Voilà. Ka ga aikin gwani."

Ba a ɗauki lokaci ba. Irin gidaje kaɗan ne, kowane a ƙaramin buhu ko taiki, an ɗaure bakinsa da ƙyalle don mai shi ya gane nasa. Sojoji biyu suka yi ta jefawa cikin mota. Sulaimanu ya bi Sarjan da gwiwa yana riƙe masa ƙafar wando, yana cewa a bar rabi, a bar kwata, a bar ko na gida ɗaya a raba. Sarjan ya ɗaga shi tsaye da ladabi, ya karkaɗe masa riga, ya ce a birni ana rabo ranar Laraba, su zo su bi layi kamar kowa. Daga nan zuwa birni tafiyar yini ce ga mai ƙoshi.

Wani taiki ya yage a bakin mota, gero ya tsiyaye cikin rairayi. Mata suka yi kansa da rarrafe, suna kwasa da ƙasar suna zubawa a gefen zane, suna ture juna, mutanen da jiya suka yi waƙa a benci ɗaya. Sojojin suka dakata da aiki suna kallo. Rut ba ta je ba.

Kafin ya hau mota, Sarjan ya kira Filibus. Ya sa aka kwance wani buhu, ya cika kwanon sha, ya ce ya tara rigarsa. Ya juye masa a ciki a gaban kowa.

"Ladanka, ɗan'uwana. Ni ba na cin haƙƙin ma'aikaci."

Filibus ya so ya saki gefen rigar. Hannunsa ya ƙi. Hatsi ne, kuma ba wanda ke zubar da hatsi a shekarar nan. Ya tsaya riƙe da shi kamar mace mai tallan ganye har motar ta ɓace, sannan ya ga ƙyallen da aka kwance daga bakin buhun yashe a ƙasa, na gidan Sulaimanu ne.

Ba wanda ya zage shi, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Mutane suka tashi suna ɗingishi suka watse. Sulaimanu ya zare kwaɗon daga ƙyauren, ya zo ya jefa shi cikin rigar bisa geron.

"Riƙe. Ka daɗe kana son shi. Mu ba mu da abin kullewa."

A gida ya tarar da Rut zaune bakin ɗaki. Ta kawo ƙwarya ya juye geron, ta tsame kwaɗon, ta rufe ƙwaryar da faifai ta ture gefe. Ta danna hannun kwaɗon ya kulle, ta miƙa masa.

"Buɗe."

"Rut, ki saurare ni."

"Buɗe in gani."

Ya yi tunanin ya kasa, ya nuna mata dace ne kawai. Amma ta tsaya kansa kwana uku, ta san yadda hannunsa yake idan da gaske yake. Ya zauna a ƙasa ya sa waya da fil. Kafin kazar maƙwabta ta gama ƙetare tsakar gidan, kwaɗon ya buɗe. Ta karɓa ta sake kullewa. Ya sake buɗewa, wannan karon ma ya fi sauri.

"Ran nan ma haka ka riƙe shi?"

"A'a. Ran nan matsawa na yi. Da duk ƙarhina na matsa, shi ko ba ya son haka. Sake mashi ake yi. Wallahi yau na sani. Don ban so ya buɗe ba ne na sassauta, shi ya sa..."

Ta dubi yatsansa, inda wayar ta yanke shi wata guda da ya wuce, tabon bai gama baƙi ba.

"Na yarda," in ji ta. "Ran nan ba ka iya ba. Na ga jinin, ni na wanke rigar. Ban taɓa cewa ka ƙi ɗiyarka ba, ba kuma zan ce ba."

Ya ji wani abu ya saki a ƙirjinsa, hawaye suka taho masa. Ya miƙa hannu zai taɓa ƙafarta, ta janye ta.

"Amma ina gehe, daidai inda nike ganin huskarka. Tun kahin ya buɗe na san zai buɗe. Ba ni kaɗai ba, duk matan da ke wajen sun gani."

"Mi kuka gani?"

"Murmushi kake yi."

Bai tuna ba. Ya lalubi fuskarsa da hannu kamar abin na nan har yanzu.

"Na yi murmushi?"

"Har haƙora," in ji Rut. "Rabon da in ga ka yi irin shi, tun ran da aka haife ta."

Ta ɗauki ƙwaryar geron ta ɗora a kai, ta fita ta nufi gidan Sulaimanu. Ya saurari takunta har ya daina ji. Da rana ta yi sanyi ya leƙa waje, ya ga ta fito daga gidan tsohon hannu sake, ta tsaya a mararraba, sannan ta bi hanyar gidan yayanta.